Babu Wuri a Layin Masunta

Motar da ta taso daga birnin Tepic ta sauke ni a tashar Las Garzas da hantsi, ni da akwatina da kwandon tamale, wato alalen masara, da na yi wa Baba. Tun daga tasha na san garinmu ya cika ya batse. Duk shekara haka ne, da sanyi ya ciji Turawa a ƙasashensu sai su kwararo mana su yi Kirsimeti a bakin teku, amma bana abin ya wuce gona da iri. Ko'ina ka juya mutum ne da ɗan kamfai, fata ta yi jawur, ya rungumo katakon hawan igiyar ruwa kamar wanda za a ƙwace masa. Kafin in fita daga tasha saura kaɗan wata doguwar yarinya ta kwashe mini kai da nata.

Ƙanena Fermín ne ya zo ɗaukata. Shi ne mai koya wa baƙi hawan ruwa, yana da shago a bakin yashi, kuma tun da ya iya Turanci ba a zaune lafiya. Ya karɓi akwatin yana ta zuba surutu, ya tambayi hanya, ya tambayi aikina, har lafiyar kyanwata sai da ya tambaya. Fermín bai taɓa damuwa da kyanwata ba. Da muka zo mararraba kuwa, maimakon ya bi Layin Masunta inda gidanmu yake, sai ya karkata wajen teku.

Na ce, "Ina za mu? Ga hanyar gida can."

"Yaya, ki bari mu isa tukuna."

"Fermín, me ka yi?"

Ya sosa ƙeya. Wai ya ba wasu mata da miji 'yan Kanada hayar gidan har bayan sabuwar shekara. Wai kowa a layin ya bayar, in ban da Doña Vique mai taurin kai. Wai su sun koma ɗakin bayan shago, shi da Baba, kuma akwai iska sosai.

Na tsaya cik a tsakiyar titi. "Ka fitar da Baba daga gidansa?"

"Haba Yaya, na ɗan lokaci ne fa. Baƙo raɓa ne."

"Raɓar ubanka."

"Ai ubanmu ɗaya," in ji shi, yana dariya. Ni ban yi dariya ba.

Babanmu, Don Cipriano, masunci ne tun kafin a san da katakon hawan ruwa a garin nan. Mantuwa ta fara kama shi bayan rasuwar Mama, tana cin sa kaɗan-kaɗan. Ya manta an sayar da kwalekwalensa. Ya manta sunan jikokinsa. Ni kaina wata rana Ofelia ce, wata rana kuma baiwar Allah. Abu ɗaya ne mantuwar ta kasa taɓawa, gidan nan mai shuɗiyar ƙofa da ya shafe da ragowar fentin kwalekwale. A cikinsa Baba mutum ne cikakke. Ya san inda gishiri yake, ya san tubalin da ke rawa a tsakar gida, yana tsallake shi ko ido a rufe. Likita ma ta gaya mana, kada a raba shi da inda ya saba. Fermín yana wurin aka faɗa.

Na same shi zaune a kan gadon tafi-da-gidanka, katakai jere a jikin bango sun kewaye shi, ɗakin yana warin kakin da ake shafa musu. Malfarsa tana kansa, sandarsa tana hannu, irin zaman wanda ya zo gaisuwa yana jiran a sallame shi. Na durƙusa na kama hannunsa.

"Ofelia," ya ce, sai na ji sanyi a raina. "Gara da kika zo. Gaya wa yaron nan ni zan tafi gida."

Haka muka yi ta fama. Da rana ta yi sanyi sai ya miƙe, ya gyara malfa, ya ce to shi zai tafi gida. Fermín ya ce ana gyaran famfo. Gobe ya ce ana feshin sauro. Baba ya harare shi ya ce, "Gidana ne, ni ke faɗin ranar gyara." Wannan faɗan nasa shi ne ke kwantar mini da hankali, domin mai faɗa a kan gidansa bai ɓace ba tukuna. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ƙofar shagon. Kana fita yashi ne, bayan yashi ruwa, kuma a makon nan teku ta tashi, raƙuman ruwa suna faɗuwa har gadon Baba yana girgiza. Masu katako murna suke kamar an yi musu albishir. Ni kuwa na san bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Ranar da abin ya faru, layinmu ne ke da posada. Da yamma jama'a za su taso daga coci da kyandir, su bi ƙofa-ƙofa suna roƙon masauki kamar yadda Yusufu da Maryamu suka yi a daren Kirsimeti na farko, kowane gida ya kore su, sai gida na ƙarshe ya buɗe a shiga a ci a sha. Shekara da shekaru Baba ne ke gaba da sandarsa, shi ke ƙwanƙwasawa. Bana, in ban da gida na ƙarshe, babu ɗan gari ko ɗaya a gidajen, amma Fermín bai ga matsala ba. Da safe ya bi su gida-gida ya yi musu darasi.

"Na koya musu tsaf," ya gaya mini yana cin tamalen Baba. "Da an ƙwanƙwasa, kada su buɗe, su ce babu wuri. Kalma biyu kacal. Ki ga yadda suke murna, Yaya, wata har rubutawa ta yi a tafin hannu."

"Sannu, shugaban addini."

"Ki yi ta zagi. Baɗi sai sun yi layi a kan gidan nan."

Gida na ƙarshe na Doña Vique ne, ƙawar Mama, tsohuwa mai baki kamar reza. Bayan azahar na bar Baba yana barci, na ja wa Fermín kunne har sau biyu, na tafi taya ta dafa ponche, abin sha mai zafi da ake raba wa jama'a. A bayan gida muka hura wuta, muna yanka gwaiba da rake muna zubawa a tukunya. Jikin katangarta wata mashaya ce ta baƙi, sun ƙure kiɗa tun rana, sai mun ɗaga murya muke jin juna.

"Ƙanen nan naki," ta ce da ƙarfi, "in aka ba shi dama har kabarin uwarku zai sa haya!"

"Kada ki ba shi shawara, Doña!"

Muka yi dariya. Ina juya tukunya hankalina yana shago. Da la'asar ta yi sakaliya na kasa daurewa, na ɗebi ponche a kofi na ce bari in kai wa Baba ya ɗanɗana.

Ƙofar shagon a buɗe take. Gadon babu kowa. Babu malfa, babu sanda.

Na leƙa banɗaki, na leƙa bayan katakai kamar zai shige tsakaninsu. Na fito yashi na hango Fermín cikin ruwa har ƙugu, yana tura wata Baturiya a kan katako yana tafa mata. Ban san lokacin da kofin ya faɗi ba. Na shiga ruwan da takalmina ina ƙwala masa kira.

"Ina Baba?"

"Yana barci mana."

"Ba ya nan!"

Ya saki katakon da Baturiyar, ya fito a guje. "Yanzu fa na leƙa shi. Wallahi yanzun nan." Yanzun Fermín na iya zama awa guda, na iya zama jiya.

Na ce gida ya tafi, babu wani wuri. Muka ruga. Titi ya cushe da motoci da masu tallan awarwaro da karnuka, wata ƙungiya sanye da jajayen hulunan Kirsimeti ta tare hanya tana ɗaukar hoto. Ina kutsawa ina gaya wa kaina, yana can zaune a tsakar gidansa, baƙin sun ba shi ruwa, zai ce mini me ya kawo ni da gudu haka.

Shuɗiyar ƙofar a rufe take. Fermín ya buga. Daga taga sai muka ji muryoyi biyu sun haɗa baki cikin fara'a: "Babu wuri!"

Fermín ya yi musu magana da Turanci, aka zare sakata. Matar, Marnie, 'yar gajeruwa mai furfura da fuskar kirki, ta fito tana murmushi, mijinta Doug a bayanta da kofi a hannu. Fermín ya tambaye su ko sun ga wani tsoho. Matar ta tafa hannu, ta ɗauko wayarta da sauri, tana ta zuba bayani.

"Me take cewa?"

Fermín bai dube ni ba. "Wai Yusufu ya riga ya zo. Wai ya iya wasan ƙwarai."

Ta kunna mini hoton bidiyon. Daga taga ta ɗauka. Ga Baba nan, malfa, farin gemu, sanda, dole su ce Yusufu ne. Ya tura ƙofar da hannu kamar yadda ya saba, ta ƙi. Ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa.

"Ku buɗe, ni ne," ya ce.

"Babu wuri!" Sai dariya.

Ya ɗaga kai ya dubi tagar. "Gidana ne," ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai tuna wa kansa.

"Babu wuri! Babu wuri!" Har da tafi.

Ya daɗe a tsaye. Ya sa yatsa ya shafa fentin ƙofar, ya dubi yatsan. Daga nan ya cire malfa, ya riƙe ta a ƙirji, ya ce, "Ku yi haƙuri." Ya juya ya nufi ƙofar maƙwabta.

Ban taɓa jin Baba ya ba wani haƙuri a bakin ƙofar nan ba. Na miƙa wa matar wayarta. Fermín ya faɗa musu ko wane ne, murmushin ya gudu daga fuskarta, ta dafe baki. Ban tsaya lallashinta ba.

Gidan su Don Lupe, inda Baba ya saba zama ya sha kofi, wasu samari ne masu dogon gashi a ciki. Eh, ya zo, sun faɗa masa kalmomin, sun faɗa daidai ko? Gidan gaba wata mata ce da 'ya'yanta, yaran ne ma suka yi ta rige-rigen faɗa. Kowa da hotonsa, kowa yana son in gani. Maƙwabtansa ya je tambaya me ya sami gidansa, kuma kowace ƙofa amsa ɗaya ta ba shi. A hoton ƙarshe, wanda aka ɗauka daga bene, na gan shi ƙarami a can ƙarshen layi, a ƙofar Doña Vique, ƙofa ɗaya tilo da za ta buɗe masa. Yana ƙwanƙwasawa, kiɗan mashaya yana danne ƙarar. A lokacin ina bayan katangar ina yanka gwaiba.

Bayan gidan Doña Vique babu wani gida. Gangare ne zuwa bakin kogi, inda masunta ke ɗaure kwalekwale a da, inda ruwan kogi ke karo da teku ya ja mutum ciki kamar an ɗaura masa igiya. Muka gangara. Yashin duk sawun ƙafa ne, na dubu, wanne ne nasa? Jar tutar hana shiga ruwa tana kaɗawa. Rana ta sauko ta yi ja, kuma a garin nan da ta taɓa ruwa duhu ba ya sallama.

Fermín ya sa yatsu a baki ya yi fito. Abokansa na cikin ruwa suka juyo, ya yi musu ihu cewa Don Cipriano ya ɓace. In faɗi gaskiya, 'yan katakon nan da nake zagi kullum ba su yi wata-wata ba. 'Yan gari da baƙi suka bar raƙuman da suka yini suna jira, suka bazu a bakin kogin suna iyo suna leƙen ruwa. Fermín ya fizgi katakon wani ya bi su. Doug ma ya iso yana haki, yana kiran sunan Baba a karkace.

Ni na tsaya a gaɓa, ba abin da zan iya. Duk baƙin abu da ya taso a kan ruwa sai gabana ya faɗi, sai in ga ashe kan mutum ne mai rai, ko kututture. Na yi addu'a, na yi wa Budurwa Maryamu alkawura iri-iri, na zagi Fermín a zuci, na dawo na roƙa kada shi ma ruwan ya tafi da shi. Abin da nake tsoro ƙwarai shi ne in ga malfar tana yawo. Idona ya ƙi barin neman ta.

"Ke Ofelia! Me ake nema a ruwa haka?"

Chepa ce, mai sayar da kwakwa, tana tura kurarta za ta tashi. Tare muka yi firamare. Na gaya mata.

"Don Cipriano? Ai na gan shi ɗazu. Ya tambaye ni hanyar tasha."

"Tasha?"

"Wallahi. Na ce Don, kai da aka gina tashar a gabanka? Na ɗauka tsokanata yake. Sai ya yi mini godiya har da cire malfa."

Ban ko gode mata ba. Na juya na hau gangaren da gudu, takalmina cike da yashi da ruwa. Motar ƙarshe tana tashi da faɗuwar rana, kuma direbobin nan ba sa tambayar tsoho ina za shi. In ya shiga, a ina zai sauka? A bakin babbar hanya cikin duhu, inda manyan motoci ke wucewa kamar iska? Na bi ta kasuwa, na ture wani teburi, wani ya zage ni da yaren da ban sani ba. Ƙararrawar coci ta fara kiran jama'ar posada.

Motar tana tsaye, injin yana aiki, ana ɗora katakai a bayanta. Na bi tagogin ɗaya bayan ɗaya. Ba ya ciki. Sai da na juyo na gan shi a kan benci, tsakanin wasu 'yan mata biyu masu manyan jakunkuna, malfa a cinya, sanda tsakanin gwiwoyi. Na ruga na durƙusa a gabansa.

"Baba! Baba, me kake yi a nan?"

Ya dube ni cikin ladabi. "Mota nake jira, baiwar Allah. Waccan an ce ba tawa ba ce."

"Motar ina?"

"Las Garzas."

"Baba, ai nan ne Las Garzas."

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa yaro. "A'a. Ni ma da haka na zata, ya yi kama. Amma na tambaya."

Na roƙi direban ya kira mini lambar Doña Vique, na ce ta aika wa su Fermín su fito daga ruwa, an gan shi. Na kama hannun Baba na ce ya zo in kai shi gida, na san hanya. Bai yi gardama ba. Da ma ya yi. Muka taka a hankali cikin cunkoso, yana kauce wa mutane yana ba su haƙuri, a titin da ya yi shekaru yana bi da kwandon kifi a ka kowa yana ba shi hanya. Ina tafe ina lallashin zuciyata cewa da ya ga ƙofar komai zai dawo. Ai kullum tana dawo da shi.

Muka tarar da ita a buɗe, wangame. Marnie tana tsaye a gefe idonta ya kumbura, akwatunansu a tsakar gida, sun riga sun haɗa kaya. Fermín yana jingine da bango, ruwa yana ɗiga daga wandonsa, ya kasa ɗaga kai. Doña Vique ta iso da ludayi a hannu. Daga nan ana ganin komai, kujerar Baba, ƙusar da yake rataya malfa, tubalin nan mai rawa. Can farkon layi kyandirori sun fara tahowa, ana waƙa.

Marnie ta haɗa kalmomin da ta iya na yarenmu. "Shigo, Don. Don Allah. Akwai wuri."

"Shiga mana, Baba," in ji Fermín. "Gidanka ne. An gama gyaran."

Baba ya tsaya a bakin dokin ƙofa, ƙafarsa ba ta taɓa shi ba. Ya leƙa ciki, ya dubi kujerar, ya dubi ƙusar. Ya kai hannu ya shafa shuɗin fentin a hankali, tun daga sama har wajen sakata.

"Wanda ya shafa wannan ya iya aiki," ya ce.

"Kai ne, Baba. Kai ka shafa."

Ya janye hannunsa, ya goge shi a riga kamar ya taɓa kayan mutane. Ya rusuna wa Marnie, ya mayar da malfarsa, ya kama hannuna.

"Mu tafi, baiwar Allah," ya ce. "Kada mu takura wa masu gida."